Akuya a Ƙofa, Ƙwai a Kasuwa

Laraba ce ranar awon yara a ƙaramin asibitin da nake aiki, can bayan Ashaiman, inda kwalta ta ƙare, gidajen bulo marasa filasta suka fara. Wata matashiya ta kawo ɗanta mai wata goma sha huɗu. Na rataye shi a sikeli, na buɗe littafinsa. Wata uku ke nan layin nauyinsa yana kwance, bai motsa ba. Na zagaya masa tef a damtse, ya tsaya a ruwan ɗorawa, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5. Na ja fatar idonsa ƙasa, fari fat. Na ce, "Ƙanwata, me yake ci?" Ta ce koko da safe, koko da rana, da dare a ɗan mutsuka masa tuwo da miya, sai nono. Na ce ƙwai fa? Ta yi wata 'yar dariya, kamar na tambaye ta ko tana da mota.

Bayan kwana biyu muka je ziyarar gida. Tun kafin in yi sallama hancina ya gaya mini abin da zan tarar. Tumaki shida, awaki biyu, kaji sun kai goma suna ta tone-tone a bakin murhu. Can gefe, ƙarƙashin rumfar kwano, ga wani rago ɗaure shi kaɗai, an jiƙa masa dusa da kanwa a daro, ga harawar gyaɗa a rataye. Allah ya gani, a gidan nan kaf babu mai cin abinci mai gina jiki kamar ragon nan. Yaron da na zo dominsa kuwa yana zaune a ƙasa ba wando, yana tsintar wani abu yana kaiwa baki.

Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, kuma magana iri biyu nake ji a kan dabbobin da muke kiwo a zangunanmu da unguwannin bakin gari. Wasu sun ce a kwashe su, ƙazanta ce. Wasu sun ce a ƙaro su, su ne maganin yunwa. Na zauna a taro da duka ɓangarorin biyu, na sha lemonsu, na karɓi 'yar takardar shaidar halarta. Abin da na lura shi ne dukkansu dabbar suke ƙirgawa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da ya shiga cikin yaron gidan jiya da daddare ba.

Bari in fara da masu cewa a kwashe, don da yawansu abokan aikina ne, kuma ni ma na taɓa zama cikinsu lokacin da na fito makaranta kaina cike da littafi.

Suna magana kamar dabba ce ta shigo wa gari. A nan Ankara (ta Ghana nake nufi, ba ta Turkiyya ba) tarihi ya nuna akasin haka. Nima da na tashi a cikinta, a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya karɓi wurin don ajiye shanun da ake kawowa daga arewa kafin a sayar. Mutane ne suka biyo shanu, suka kafa bukka, bukka ta zama ɗaki, ɗaki ya zama unguwa. A tsakiyar birni har yau akwai unguwar da sunanta na Turanci ke nufin layin shanu. Kasoa kuwa ai sunan da kansa kasuwa ce, da bakin Hausa aka raɗa shi. Garin ne ya girma ya haɗiye makiyaya, sannan ya juyo yana yi mata kallon baƙuwa.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, koko da ƙosai take sayarwa. Duk wanda ya san sana'ar koko ya san akwai dusar da ke saura bayan an tace gasara. Wannan dusar, da ɓawon ayaba da na rogo da muke karɓowa wurin masu sayar da abinci a layinmu, su ne abincin awakinta. Abin da zai tafi kwata ya toshe ta, shi ne yake komawa akuya. Akuya 'yar gajeruwar nan ta kudu wata biyar take ɗaukar ciki, kuma sau da yawa tagwaye take haifa. Ranar da takardar shiga makarantar nas ta zo, da doguwar jerin kayan da za a saya, akwati da katifa da yunifom da sauransu, Mma ba ta je banki ba, don ba ta da asusu. Ta kira mahauci, ya zo ya ɗaga awaki uku da tunkiya ɗaya. Farin kayan da nake sawa yau, asalinsa daga turken nan ya fito. Saboda haka idan wata abokiyar aiki ta toshe hanci ta ce "waɗannan mutanen da dabbobinsu", nakan ji kamar uwata ta zaga.

Ba tsohon labari ba ne kawai. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Matar da ta ajiye sidi dubu a ƙarƙashin katifa a farkon shekarar, kafin ƙarshenta kuɗin ya zama kamar an yanke shi da almakashi. Wadda ta sa nata a tunkiya, tunkiyar ta bi farashi ta hau, wataƙila ma ta haihu. Matanmu ba su karanta ilmin tattalin arziki ba, amma wannan lissafin ba mai koya musu shi. Ga kuma wani abu da masu taro ba su cika kula da shi ba: a gidajenmu akuyar mace tata ce. Miji ba ya sayar da ita sai da yardarta. Kuɗin da ke jaka kowa na iya zuwa da kuka ya ranta, dabba kuwa sai an yi shawara. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, katin inshorar lafiya ya ƙare ba a sabunta ba, kaza biyu ce take kawo shi gabana maimakon a tsaya jiƙa saiwa.

To amma masu toshe hancin ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya. Kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, kuma yaro mai rarrafe komai ya gani baki yake kaiwa. Ba sai ya yi gudawar da za a gani ba. Hanjinsa kan zauna a kumbure a hankali, abincin da ya ci bai shiga jiki yadda ya kamata ba, sai ki ga yaro yana ci amma ba ya tsawo. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Habasha, aka fitar a 2016, ya nuna abu biyu a tare: yaran gidajen da ke da kaji sun fi girma, amma inda kajin ke kwana ɗaki ɗaya da mutane, yaran sun fi tsumburewa. Kazar ɗaya ce. Wurin kwananta ne ya bambanta. Akwai kuma dabbobin da ake saki suna kiwo a bola. Ki tambayi duk mahaucin da kika sani abin da yake cirowa daga tumbin irin waɗannan: baƙar leda da ledar ruwa, curi guda, dabba tana ci tana ramewa. Wannan duk gaskiya ne, kuma mu ne ya kamata mu fara faɗa.

Inda na rabu da su shi ne maganin da suke kawowa. Dokar majalisun gari ta ce dabbar da aka kama tana yawo a tsare ta, mai ita ya biya tara, in bai zo ba a yi gwanjonta. A takarda babu laifi. Ga yadda take aiki a ƙasa. Ina 'yar shekara goma sha biyu tankas suka shigo layinmu da mota, ana ta ihun "samansaman", suka kwashe awaki har da biyu na Mma. Ta biya tara ta karɓo su. Kun san abin da ta yi daga ranar? Ba ta daina kiwo ba, wa zai rufe bankinsa don an ci shi tara? Sai ta mayar da su cikin gida. Da rana a lungun da muke girki, da dare a barandar da mu yara muke shimfiɗa tabarma lokacin zafi. Kaji kuma aka kife su da kwando a ƙarƙashin gado, don ɓarayi da don tankas. Dokar da aka yi don raba mutum da ƙazantar dabba, ita ce ta kawo kashin akuya dab da kan ƙanena. Har yau haka nake gani a gidajen da nake shiga. Duk inda kame ya yi zafi, dabba ɗaki take komawa.

Wani abin da ke biyo baya shi ne, abin da ake ɓoyewa ba a yi masa rigakafi. Akwai allurar cutar nan ta majina da gudawa mai kashe awaki da tumaki, wadda ake kira PPR. Akwai maganin da ake ɗiga wa kaji a ido don cutar da ke share su lokacin hunturu, a nan Ankara ma ake haɗa shi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma matar da take ganin duk mai ɗauke da jaka da takarda kame ya zo yi, yaya za ta buɗe wa malamin dabbobi ƙofa? Sai ta je kanti ta sayo kafso, irin wanda muke ba mutane, ta buɗe ta zuba a ruwan kaji. Ko maigida ya sayo allura ya soka wa rago da kansa, ba awo, ba lissafin kwanakin da ya kamata a jira kafin a yanka. Mu a asibiti muna fama da magungunan da suka daina aiki, kuma wani ɓangare na matsalar daga irin wannan yake farowa.

Akwai kuma ɗora wa dabba laifin da ba nata ba. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan, mafi yawa a Ankara da kewaye. Na yi dare da rana a tantin masu amai da gudawa. A wani taro bayan nan wani babba ya tashi ya ce tumakin zango ne. Na ɗaga hannu ba a ba ni dama ba, to bari in faɗa a nan: kwalara daga bayan gidan mutum take zuwa bakin mutum, ta ruwa ko abinci. Tunkiya ba ta da hannu a ciki. Unguwar da gida goma ke layi a bayan gida ɗaya na haya, ruwan famfo kuma sai ya ga dama, ba ta bukatar akuya kafin ta yi kwalara. Kama akuya dai ya fi gina masai sauƙi, kuma ya fi kyau a hoto.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, masu cewa a ƙaro. Waɗannan sun fi daɗin zama, don suna zuwa da kyauta. A watan Yuni na 2019 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da shirin kiwo don abinci da ayyukan yi a garin Wa, ƙanen shirin noman da aka fara a 2017. An raba tumaki da awaki da zakaru da sauransu. Ƙungiyoyin agaji ma sun daɗe suna irin wannan, a ba mace akuya biyu, in ta haihu ta miƙa wa wata. Ban ce mugun abu ba ne. Ƙasar da mafi yawan kazar da take ci daskararriya ce daga jirgin ruwa, dole ta nemi hanyar kiwon tata. Abin da ke damuna shi ne tunanin da ke ƙarƙashin abin, wai da zarar dabba ta shiga gida abinci ya shiga. Duk bayanin da na saurara a rediyo lissafin kawuna ne, an raba kaza dubu kaza, an raba tunkiya dubu kaza. Gidan da na ba ku labari a farko ya cika wannan ma'auni har ya yi ambaliya. Dabba kusan ashirin, yaro a ruwan ɗorawa.

Ku zo mu yi lissafin tsakar gida. Kazar Hausa ba injin ƙwai ba ce. A shekara takan yi zubi uku, kowane zubi ƙwai goma zuwa sha biyu, sai ta kwanta a kansu. Mai ita ba za ta taɓa su ba, don kowane ƙwai a idonta ɗan tsako ne, ɗan tsako kaza ne, kaza biyar akuya ce. Cin ƙwai a wurinta kamar cin iri ne ana gobe shuka. Daga cikin 'yan tsakin, shaho ya ɗauka, ruwan sama ya kashe, cutar hunturu ta zo ta share sauran. Ƙarshenta ba a ci ƙwan ba, ba a samu kazar ba. Akuyar kudu kuwa ba a tatsarta, nononta da ƙyar yake isar 'ya'yanta. Tunkiya ta suna ce ko ta ranar matsuwa. Rago na Sallah ne. Ku nuna mini a cikin wannan jerin inda ɗan wata goma sha huɗu zai samu abin da zai ci ranar Talatar da ba Sallah ba, ba suna ba.

Ko da ƙwan ya samu, uwa tana da nata lissafin, kuma ba na wauta ba ne. Kuɗin ƙwai uku zai sayi garin da zai cika cikin yara huɗu su yi barci. Ƙwai uku ba za su yi wannan ba. Uwar da ke jin kukan yunwa da kunnenta za ta zaɓi abin da ke kashe kukan. Ƙarancin jini ba ya kuka. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna kusan rabin yaran Ghana 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, kuma da yawan waɗanda nake gani iyayensu za su rantse miki yaron yana ci sosai. Yana ci ɗin. Koko ne, ruwa da tsaba da sukari.

Sai kuma namu na gado. Har yau akwai kakar da za ta ce kada a ba yaro ƙwai, zai zama ɓarawo. Ina jin asalin maganar dabara ce ta kare ƙwan kaza daga ƙananan hannaye, aka sa mata rigar camfi don ta zauna. Ga kuma rabon nama a kwano: maigida ya ɗauki tsoka, manyan yara su samu ƙashi, ƙaramin a ce ba shi da haƙori, a ba shi romo. Alhali hanta 'yar kamar kan yatsa, a dafa a murje masa a abinci sau ɗaya ko biyu a mako, ta fi romon tukunya guda amfani a jininsa.

Kada in yi muku abin da nake zargin wasu da shi, in ce ƙwai shi ne maganin komai. A ƙasar Ekwado an gwada ba yara 'yan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum har wata shida, tsumburewa ta ragu da kusan rabi, aka buga sakamakon a 2017, duniya ta yi ta murna. Da aka maimaita a Malawi, tsawon yaran bai canja ba. Ɗaya daga cikin dalilan da aka kawo shi ne yaran wurin dama suna cin kifi, don suna kusa da tabki. Abin da na ɗauka daga nan shi ne jikin yaro yana bukatar wani abu daga dabba a kai a kai, ko ƙwai ne, ko ƙananan kifin nan busasshe da ake dakawa, ko hanta, ko wagashi. Ba ruwansa da ko daga turken gidanku ya fito.

Na ambaci wagashi, bari in ɗan ratse. A filayen gabas da Ankara akwai rugage tun da daɗewa, shanun na masu kuɗin gari ne, Bafulatani yana kiwo, nonon kuma shi ne ladansa. Matansa su yi wagashi, su kawo nono zango. Yanzu filayen an yanka su fuloti-fuloti, masu gina rukunin gidaje sun kewaye, ruga tana ja da baya zuwa wajen Dodowa da Afienya da gaba. Nono ya yi nisa, ya yi tsada. Burkinar da yaranmu ke sha a roba, da yawanta da madarar gari ake haɗa ta. Ban ga tsarin gari ko ɗaya da ya ware wa saniyar tatsa wuri ba, kamar yadda ake ware wa gidan mai. In kun samu nonon shanu ɗanye kuma, don Allah a tafasa. Akwai tarin fuka na shanu, akwai cutar da ke sa dabba ɓari ta bar mutum da zazzaɓin da ake ta yi wa maganin maleriya ba ya ji.

To, 'yan uwana na waje, na Bronx da Jamus da Ingila da Jidda, na san ku ne kuka fi karanta ni, saura ku. Duk shekara Babbar Sallah na matsowa waya take fara kaɗawa. A turo kuɗin rago. A je Tulaku a zaɓo dogo mai ƙaho, irin na Burkina ko Mali ko Nijar, a ɗauki hoto a turo muku ta WhatsApp, ku sa a status. Layya ibada ce, ban isa in taɓa ta ba, kuma na san abin da hoton nan yake yi wa zuciyar wanda ya kwana yana tuƙin tasi ko wankin tsofaffi a ƙasar sanyi. Shaida ce cewa wahalarsa ta isa gida. Ni ma ƙanena yana turowa, ni nake zuwa cinikin. Amma malamanmu sun ce rago ɗaya ya isar wa mutum da iyalansa. Gidan da 'ya'ya uku ke waje sai ka ga raguna uku da sa, don kada maƙwabta su ce wane bai turo ba. A soya, a cika bokiti, a ci kwana huɗu har a ƙoshi, wasu su zo mini da ciwon ciki. Sauran wata goma sha ɗaya da 'yan kai, jikan gidan yana kan koko. Jikin yaro ba rumbu ba ne da zai ajiye naman Sallah ya riƙa ɗiba har shekara ta zagayo.

Kuma dogaro da wannan hanya ɗaya yana da haɗari. A watan Yuni na 2023 cutar saifa ta ɓulla a yankin arewa maso gabas na sama, wajen Binduri da Bawku, aka hana zirga-zirga da yankan dabbobi a yankin ana saura makonni Sallah. Ta nan ne dabbobi da yawa ke biyowa zuwa kudu. Masu kiwon gida a lokacin su ne suka kwana da kwanciyar hankali, wannan kam na ba su. Sai dai su ma wanda ya zuba duk jarinsa a rago ɗaya, in ragon ya kwanta ana saura mako biyu, shekararsa ta tafi.

Abin da ya fi kama hankalina a duk karatun da na yi a kan wannan batu daga maƙwabtanmu ya fito. A yankin Kaya na Burkina Faso an yi wani gwaji inda ba uwa aka ba kaji ba, ba uba ba. Yaron aka ba. Wani mai faɗa-a-ji na gari ya miƙa kajin a gaban jama'a da sunan jaririn, aka kuma riƙa zama da iyaye mata duk wata ana koya musu. Ƙwan da yaran ke ci ya tashi daga kusan babu zuwa wajen shida a mako. Da na karanta sai da na ajiye wayar na yi dariya, don wannan ai namu ne. Kakata ta ba ni kaza ina 'yar shekara biyar, kowa a gidan ya san kazar wance ce, ko Baba bai isa ya yanka wa baƙo ita ba sai ya roƙe ni. Bambancin kawai, a namu ana tara wa yaro dukiya ne, ƙwan ba ya shiga bakinsa. Kunyar cin kayan yaro tana nan da ƙarfinta a cikinmu. Babu shirin gwamnati ko na ƙungiya da na gani a nan ya yi amfani da ita.

Shi na gwada a gidan nan na bayan Ashaiman. Ban yi maganar ragon ba, na san iyakata. Na nemi kakar yaron, uwar maigida, don na lura ita ce gwamnatin gidan. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, alfarma na zo nema. A cikin kajin nan a ba maigidanki biyu, su zama nasa." Ta ce ai duk nasa ne. Na ce a'a, biyu dai, a nuna su, kuma duk ƙwan da suka yi shi zai ci, ba kwanci, ba kasuwa. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, so kike ya zama ɓarawo?" Na ce, "Hajiya, wanda ya ci nasa ai bai yi sata ba." Ta yi shiru, sannan ta yi dariya har da tafawa, ta nuna wata wake-wake da wata ja. Na roƙi maigidan ya haɗa akurki da ragowar bulo da tsohuwar ragar sauro a bayan ɗaki, a daina kife kaji a inda ake kwana, a kuma shimfiɗa wa yaron tabarma a share kewayenta kafin a ajiye shi. Na nuna wa uwar yadda za ta daka busasshen kifi ta zuba cokali ɗaya a kokonsa ranar da babu ƙwai, don kaza biyu ba za su yi kullum ba.

Akurkin bai samu ba sai bayan wata biyu, shi ma rabi, ba ƙofa. Jar kazar cutar hunturu ta tafi da ita, don mai ɗiga magani bai zo unguwar ba, ni kuma ranar da na samo kwalbar an tura ni wani wuri. Wake-waken tana nan. A awo na uku layin yaron ya ɗaga kai kaɗan, tef ya matsa zuwa bakin kore. Idonsa har yanzu da sauran fari, yana kan maganin ƙarin jini.

Ragon kuwa an sayar da shi ana jibi Sallah, ya yi kuɗi sosai. Uwar ta gaya mini an biya kuɗin haya na shekara, an sayi ƙananan raguna biyu na baɗi. Na tambaye ta ko an rage wani abu na cefanen yaro. Ta gyara goyonta ta ce, "Anti nas, wannan kuɗin maza ne."